Yadda Ake Rubuta Manhajar Tada Kwamfuta da Harshen Asambili

Duk wanda ya kunna kwamfuta yakan ga 'yan daƙiƙu na duhu kafin tambarin Windows ko Linux ya bayyana. A cikin waɗannan daƙiƙun ne wata ƙaramar manhaja take aiki, wadda masu sana'ar ke kira butloda. Aikinta shi ne ta ɗauko babbar manhajar sarrafa kwamfuta daga faifai, ta sauke ta a cikin RAM, sannan ta miƙa mata ragama. Ɗalibin kwamfuta a Birnin Kebbi ko Aliero, ko mai gyaran laftof a Zuru, da yake sha'awar gina tasa manhajar sarrafawa domin koyo, daga nan zai fara. Abin da ya kamata ya riƙe tun farko shi ne, a wannan matakin babu wanda ya share masa fage: babu fayil, babu taga, babu ko umarnin buga rubutu irin na Python. Duk abin da bai shirya da hannunsa ba, kada ya ɗauka a shirye yake.

Kayan aiki

Abu biyu ake buƙata, kuma dukkansu kyauta ne. Na farko NASM, wanda yake mayar da rubutun asambili, wato harshen da ake rubuta umarnin furosesa ɗaya bayan ɗaya da shi, zuwa lambobin da furosesa ke ganewa. Na biyu QEMU, manhajar da Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, wadda take kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin taga. A kan Ubuntu umarni ɗaya ya wadatar:

```
sudo apt install nasm qemu-system-x86
```

Da zarar an sauke su, sauran aikin ba ya cin data ko kaɗan, kuma tsohuwar laftof ta gwanjo tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba.

Abin da BIOS ke bar maka

Idan aka kunna kwamfuta mai furosesa irin na Intel ko AMD, furosesan yana farkawa ne a yanayin bit 16, yana aiki tamkar Intel 8086 na shekarar 1978, komai sabuntarsa. BIOS, wato manhajar da ke zaune a jikin babban allon da ke cikin na'urar (motherboard), yakan duba lafiyar kayan ciki, sannan ya karanto sekta ta farko ta faifan da za a tashi da shi. Girman sektar bayit 512 ne. BIOS zai leƙa bayit biyu na ƙarshe. Idan ya tarar da 0x55 da 0xAA (0x alama ce ta lambar da aka rubuta a ƙirgan sha shida-sha shida), sai ya tabbata faifan na tashi ne, ya tura furosesa adireshin 0x7C00 inda ya sauke sektar. Wannan adireshin gado ne daga IBM PC na 1981, kuma har yau ba a sauya shi ba.

Abin da za ka iya dogara da shi a lokacin bai taka kara ya karya ba. Rajistar DL, ɗaya daga cikin ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin furosesa, tana ɗauke da lambar faifan da aka taso daga gare shi, 0x00 idan filofi ne, 0x80 idan babban faifai na farko ne. Sauran rajistocin kuwa kowane kamfani da abin da yake bari a cikinsu. A wannan yanayin ana samun adireshi ne ta hanyar ninka rajistar yanki sau 16 a ƙara da tazara, don haka 0x0000:0x7C00 da 0x07C0:0x0000 wuri ɗaya suke nufi, kuma akwai BIOS da ke shigowa ta kowanne daga cikinsu. Wannan ne dalilin da ya sa butlodar da ta yi aiki lafiya a QEMU takan ƙi tashi a kan na'urar gaske, idan marubucinta ya yi zaton rajistocin yanki sifiri suke ɗauke da shi alhali bai sa musu ba.

Rubuta mataki na farko

Buɗe fayil mai suna tashi.asm ka rubuta wannan:

```
bits 16
org 0x7C00

fara:
    cli
    xor ax, ax
    mov ds, ax
    mov es, ax
    mov ss, ax
    mov sp, 0x7C00
    sti
    cld
    mov [faifai], dl

    mov si, gaisuwa
    call buga

tsaya:
    hlt
    jmp tsaya

buga:
    lodsb
    or al, al
    jz .gama
    mov ah, 0x0E
    mov bh, 0
    int 0x10
    jmp buga
.gama:
    ret

faifai  db 0
gaisuwa db 'Sannu da zuwa Birnin Kebbi', 13, 10, 0

times 510-($-$$) db 0
dw 0xAA55
```

Layin org yana sanar da NASM inda za a sauke manhajar, domin ya lissafa adireshin gaisuwa da faifai daidai. Layukan da suka biyo baya su ne suka fi kowane muhimmanci, ko da yake ba sa nuna komai a allo. An mayar da AX sifiri, an zuba shi a rajistocin yanki DS da ES da SS, saboda ba a iya sa lamba kai tsaye a rajistar yanki sai ta hannun wata rajistar. Sannan aka kafa tari, wato wurin da furosesa ke ajiye adireshin komawa duk lokacin da aka yi call. Tsarinsa irin na buhunan shinkafa ne a sito, wanda aka ajiye a ƙarshe shi ake fara ɗauka, sai dai shi tari yana girma ne zuwa ƙananan adireshi. Da aka sa SP a 0x7C00, tarin zai riƙa gangarawa ƙasa da manhajar, cikin filin da babu kowa har zuwa 0x0500, ba zai taka ta ba. Ƙasa da 0x0500 kuwa ba naka ba ne, domin can ne teburin katsewa da bayanan BIOS suke. An rufe katsewa, wato kiran da kayan na'ura ke yi wa furosesa ya dakatar da aikinsa ya saurare su, da cli kafin a taɓa tarin, aka buɗe da sti bayan an gama, domin kada agogon na'ura ya katse aikin a lokacin da tarin bai kammala kafuwa ba.

Adana DL tun da wuri wajibi ne, domin za a buƙace shi wajen karatun faifai, kuma rajista ce da ake yawan amfani da ita a wasu ayyukan.

Sashen buga yana ɗaukar haruffa ɗaya bayan ɗaya. Umarnin lodsb yana ɗauko bayit daga inda SI ke nunawa ya sa a AL, ya matsar da SI gaba. Cld da aka yi a sama shi ne ya tabbatar gaba yake matsawa, ba baya ba. Idan bayit ɗin sifiri ne, rubutu ya ƙare. Idan ba haka ba, sai a sa 0x0E a AH a kira int 0x10, wato a roƙi BIOS ya buga harafin a allo. Lambobin 13 da 10 suna mayar da alƙalami farkon layi su sauko da shi layi na gaba.

Layi biyu na ƙarshe suna cike ragowar sektar da sifiri har bayit 510, su rufe da sa hannun da BIOS ke nema, wato 0x55 da 0xAA. An rubuta 0xAA55 amma a faifai 55 ne ke gaba, saboda furosesoshin Intel suna fara ajiye ƙaramin bayit.

Gwaji

```
nasm -f bin tashi.asm -o tashi.bin
qemu-system-i386 -drive format=raw,file=tashi.bin
```

Kafin ka kunna QEMU, duba girman fayil ɗin da ls -l, lalle ne ya zama 512 cif. Idan NASM ya yi ƙorafi a kan layin times, manhajarka ta wuce gona da iri ke nan, sai ka rage. Idan komai ya tafi daidai, baƙar taga za ta buɗe, rubutun SeaBIOS, wato BIOS ɗin QEMU, ya wuce, gaisuwarka ta bayyana a ƙarƙashinsa.

Mai rubutu da Hausa zai ci karo da wani abu a nan. Idan ka sa kalmar ƙasa a cikin gaisuwar, ba ƙ za ka gani a allo ba, za ka ga alamomi biyu, ╞ da Ö. Editanka ya adana harafin a tsarin UTF-8 da bayit biyu, 0xC6 da 0x99, shi kuwa BIOS tsohon jadawalin IBM mai lamba 437 yake bi, inda kowane bayit alama ɗaya ce, kuma babu haruffa masu lanƙwasa a cikinsa. Maganin na wucin gadi shi ne a zaɓi kalmomin da ba su da su. Maganin gaske kuwa shi ne ka zana ƙ da ɗ da ɓ da kanka, kowanne a ɗigo 8 a faɗi da 16 a tsayi, ka loda su ta int 0x10 da 0x11 a AH a madadin wasu alamomin da ba ka buƙata. Aiki ne mai daɗi, amma ka bar shi sai mataki na biyu.

Ɗauko mataki na biyu daga faifai

Bayit 512 ba za su ɗauki abin kirki ba, musamman a babban faifai inda teburin rabe-rabe ke cin bayit 64, ya bar maka 446 kacal. A ganina ɓata lokaci ne mutum ya tsaya yana matse dabaru a cikin wannan ɗan wurin. Sekta ta farko ta yi abu ɗaya: ta ɗauko wata manhajar da ta fi ta girma, ta yi tsalle zuwa gare ta. Saka wannan bayan layin call buga:

```
    mov ah, 0x02
    mov al, 4
    mov ch, 0
    mov cl, 2
    mov dh, 0
    mov dl, [faifai]
    mov bx, 0x7E00
    int 0x13
    jc tsaya
    jmp 0x0000:0x7E00
```

Ana gaya wa BIOS ya karanto sekta 4, daga silinda 0, kai 0, farawa da sekta ta 2, ya sauke su a ES:BX, wato 0x7E00, daf da ƙarshen butlodar. A lura da wani abin da ke rikita masu koyo: silinda da kai daga 0 ake ƙirga su, sekta kuwa daga 1. Wanda ya sa 1 a CL butlodar kanta zai sake karantowa, ta yi ta gaishe shi ba iyaka ko ta daskare. Idan karatu ya gaza, BIOS yana ɗaga tutar CF, shi ne jc ke kamawa. Ya fi kyau ka buga saƙon kuskure a wurin, kuma a kan na'urar gaske ka sake saita faifan da int 0x13 da 0x00 a AH, ka ƙara gwadawa kafin ka yanke ƙauna.

Rubuta biyu.asm da org 0x7E00, ya buga wani saƙon daban, ka harhaɗa shi kamar na farko. Daga nan ka haɗa su a hoton filofi mai sekta 2880:

```
dd if=/dev/zero of=faifai.img bs=512 count=2880
dd if=tashi.bin of=faifai.img conv=notrunc
dd if=biyu.bin of=faifai.img bs=512 seek=1 conv=notrunc
qemu-system-i386 -drive format=raw,file=faifai.img,if=floppy
```

Idan ka manta conv=notrunc, dd zai datse hoton ya koma ɗan guntu, karatun sekta 4 ya gaza, ka yi ta laluben laifi a cikin asambili alhali ba can yake ba.

Hayewa zuwa bit 32

Yanayin bit 16 ba ya ganin RAM sama da megabayit ɗaya, don haka mataki na biyu ne zai haye da furosesa zuwa yanayin kariya mai bit 32, wanda ya zo da Intel 80386 a 1985. Da ka haye, hidimomin BIOS sun yanke, babu int 0x10, babu int 0x13. Saboda haka duk abin da kake so daga BIOS ka karɓe shi tun kana wannan gefen: ka ɗauko kenal ɗinka, wato zuciyar manhajar sarrafawa, daga faifai, ka nemi taswirar RAM da int 0x15 da 0xE820 a EAX.

Sai buɗe layin A20. Shi 8086 layukan adireshi 20 gare shi, duk adireshin da ya haura megabayit ɗaya yakan kewayo ya dawo sifiri, wasu tsofaffin manhajoji kuma suka dogara da hakan. Da IBM ta fitar da PC/AT a 1984 sai ta sa ƙofa a kan layi na 21 domin kada su lalace, ƙofar kuma ta zauna. Hanya mafi gajarta ita ce a karanta tashar 0x92, a kunna bit na 1, a mayar, tare da kiyaye bit na 0 a kashe, domin shi sake kunna na'ura yake yi. Bayan haka sai cli, a loda teburin GDT, wanda ke bayyana wa furosesa yankunan RAM, da lgdt, mai ɗauke da gurbi na banza da yankin umarni da yankin bayanai, a kunna bit na 0 a CR0, a yi tsalle mai nisa zuwa 0x08, wato gurbin yankin umarni a teburin. Rubutu daga nan kai tsaye ake zuba shi a adireshin 0xB8000, bayit biyu ga kowane gurbi, harafi da launinsa, a allo mai gurbi 80 a layi 25. Kuskure a GDT ba ya ba da saƙo. Za ka ga QEMU yana ta sake tashi kawai. Ƙara -no-reboot -d int a umarnin domin ya tsaya ya nuna maka inda ya faɗi.

Wanda burinsa kenal ne kawai, GRUB, shiryayyiyar butlodar da Linux ke yawan tashi da ita, zai yi masa duk wannan ya miƙa masa furosesa a bit 32. Rubutawa da hannu na mai son ya san abin da GRUB ke yi masa ne.

Gwaji a kan na'urar gaske

Nemi filas da babu komai mai amfani a ciki, ka gano sunansa da lsblk, ka duba girmansa da kyau kafin ka rubuta masa hoton da dd. Harafi ɗaya ne tsakanin sda da sdb, kuma dd ba ya tambaya; idan ka nuna masa faifan laftof ɗinka, teburin rabe-rabensa ya tafi. Sababbin na'urori da yawa UEFI, magajin BIOS, kaɗai suke ganewa, ba za su ko kalli 0x7C00 ba, shi ya sa tsofaffin Dell da HP da ke jibge a shagunan masu gyara suka fi dacewa. Shiga saitin na'urar ka kashe Secure Boot, ka kunna zaɓin da aka rubuta Legacy ko CSM. Wasu BIOS suna ɗaukar filas a matsayin filofi, su rubuta bayanan faifai a kan bayit na farko-farkon sektar bayan sun loda ta. Idan gaisuwarka ta fito a gurɓace, fara manhajar da jmp short fara da nop, ka bar sifiri har zuwa bayit na 62, sannan umarninka su biyo baya.