Aure da takardar W-4: yadda za ka cike ta kada IRS ta biyo ka bashi

Shekarar da na yi aure, ni da maiɗakina kowa ya je wurin aikinsa ya cike sabuwar W-4, wato takardar yankan haraji daga albashi a Amurka, muka zaɓi layin ma'aurata masu haɗa lissafin haraji. Albashi ya ɗan ƙaru, muka ji daɗi. Da Afrilu ya zo, lokacin miƙa lissafin harajin shekara, maimakon a mayar mana da kuɗi, sai ga shi mu ne za mu ciko. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, kuma ba na son wani ɗan'uwa mai aiki a Amurka ya faɗa wannan rami.

W-4 ita ke gaya wa wurin aikinka nawa za a yanka daga albashinka a tura wa IRS, hukumar harajin Amurka. A mataki na 1 zaɓi uku ne: marar aure ko mai auren da ke lissafinsa daban, ma'aurata masu haɗa lissafi, sai mai riƙe da gida. Abin da ka zaɓa a nan bai taɓa ainihin harajin da ke kanka ba, yawan abin da ka biya tun da wuri kawai yake canjawa. In an yanka fiye da kima, rarar ce ake mayar maka.

Ga inda gizo ke saƙar. A 2024, dala 14,600 ne ba a ɗora wa haraji ga marar aure, ma'aurata kuwa dala 29,200. Idan ku biyu kuna aiki kuma kowa ya zaɓi layin ma'aurata ya tsaya nan, kowane wurin aiki zai ɗauka albashinsa kaɗai ke shiga gidan, ya lissafa 29,200 ɗin cif. An ba ku rangwame ɗaya sau biyu ke nan, kuma sai kun mayar.

Maganin yana mataki na 2. In ayyuka biyu ne kuma albashinku ya yi kusa da juna, ku sa alama a akwatin 2(c) a takardun biyu. In ɗaya ya zarce sosai, ku yi amfani da manhajar ƙiyasi da ke shafin IRS. 'Ya'ya kuwa, a takarda ɗaya kawai za a sa su a mataki na 3, ta mai albashi mafi tsoka. Mu nan ma mun yi kuskure.

Ni yanzu na bar tawa a layin farko, na marar aure ko mai lissafi daban, duk da ina da aure. Doka ba ta hana ba, ana yanka da ɗan yawa, kuma a ƙarshen shekara muna haɗa lissafinmu yadda muka saba. Wanda ke son ƙarin yanka sai ya rubuta adadin a layi na 4(c).

Ka tuna IRS na duba matsayinka ne a ranar 31 ga Disamba, ko da a watan aka ɗaura auren. Bayan ka miƙa sabuwar takarda, duba takardar albashinka ta gaba ka tabbatar an canja yankan.