Yadda ake kallon zanen farauta na naɗi irin na ƙasar Sin

Da farko ka gane wane iri ne a gabanka, don kala biyu ne. Akwai wanda ake ratayewa a bango a tsaye, akwai kuma na hannu, dogo ne a naɗe, ana shimfiɗa shi a kan tebur. Duka a kan siliki ko takarda ake yinsu da tawada.

In na hannu ne, wanke hannunka ka bari ya bushe tukunna. Daga dama ake farawa a tafi hagu, kamar karatun ajami. Hannun hagu na warwarewa, na dama na naɗe wanda ka gama gani, kuma faɗin kafaɗunka kawai zaka buɗe. Kar ka kuskura ka baje shi duka lokaci ɗaya, don mai zanen so yake ka bi mafarautan a hankali, kaga mahayi ya ja baka amma baka san me yake hari ba sai ka ƙara warwarewa dabbar ta fito, ai daɗin kenan. A waya ma haka zakayi, ka zuƙo hoton ka fara ta dama.

Sai ka nemo sarki. Ɗauki na ratayewa da Liu Guandao ya zana a 1280, Kublai Khan, sarkin Mongol da ya mulki Sin, a wajen farauta, yana gidan tarihin fada na birnin Taipei a Taiwan. Sarkin na kan baƙin doki da farar rigar gashi, matarsa a gefe, ga masu shaho a hannu, ga wani ya goyo dabba dangin damisa a bayan sirdi wacce da ita ake kamun nama, wani ya ɗaga baka sama yana harin tsuntsaye, can nesa kuma ayarin raƙuma na wucewa. Ni a ganina nama ba shine zancen ba, nuna mulki ne. Haka sarakunan daular Qing ta Sin sukayi a dajin Mulan da sarki Kangxi ya ware a 1681, farauta ce amma atisayen soja ne a ciki.

A ƙarshe ka duba jajayen hatiman nan. Na mai zane ne da na waɗanda suka mallake shi, sarki Qianlong na Qing dai ya cika buga nasa har yana cin fuskar zane. In na hannu ne ka mayar da naɗin zuwa farko kafin ka ɗaure, kar mai zuwa ya fara ta baya.