Yadda Ake Saita Madubin Bindigar Iska

Mutane da yawa masu sha'awar harbin nishaɗi suna zaton harsashi miƙewa yake yi ɗoɗar har inda aka auna. Ba haka ba ne. Yana barin bakin bindiga ƙasa za ta fara jansa. Cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa zai sauka kusan santimita 5. Idan lokacin ya ninka, saukar ta kai santimita 20, ninki huɗu ke nan. Ɗan harsashin dalma mai kaurin milimita 4.5, idan yana cin mita 240 a daƙiƙa, a wannan ɗan lokacin mita 24 zai yi. Kafin ya kai mita 50 kuwa saukar ta haura santimita 20, domin iska tana rage masa gudu a hanya. Duk yaron da ya taɓa harbo mangwaro da danƙo ya san sai ya ɗan ɗaga hannu in reshen na nesa. Saita madubin hangen nesa da ke saman bindiga shi ne mayar da wannan ɗagawar lissafi.

Kafin komai, lasisi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda ba a riƙe su sai da izinin 'yan sanda. A Kaduna kuma, inda ganin mutum da bindiga a bayan gari ya isa ya tayar da hankalin ƙauye guda, ka riƙe takardarka a aljihu, mai unguwa ya san da zuwanka.

Sai wuri. Nemi inda akwai tudun ƙasa a bayan abin da za ka harba, ko ka jera buhunan yashi. Guji dutse da marmara, harsashi na dukansu ya yi tsalle ya nufi inda ba ka zata ba. Ka tabbata babu hanyar makiyaya ko gona a bayan tudun. Da sassafe ya fi, musamman lokacin hunturu, kafin iska ta tashi, don ɗan harsashin nan ba shi da nauyin da zai yi mata gardama.

Duba ɗaurin madubin, ka matse kowane noti daidai da ɗan'uwansa. Bindiga mai sifirin tana zabura gaba da baya in ta tashi, kuma wannan girgizar tana sassauta ɗauri, har ta lalata madubin da ba don ita aka ƙera shi ba.

Yanzu kafa babban kwali a mita 10, ka ɗiga masa baƙin ɗigo a tsakiya. Zauna, ɗora bindigar kan buhun yashi, kada ka danne ta. Ɗora mahaɗar layukan madubin kan ɗigon, saki numfashi rabi, ka matsa kunama a hankali. Yi harbi biyar, duka kana auna ɗigon nan, ko da ka ga suna faɗawa gefe.

Nan ne akasari ake ɓata aiki, kuma abin yana damuna. Mutum ya yi harbi ɗaya ya murɗa madubi, ya sake ɗaya ya sake murɗawa, ya wuni yana bin harsashi. Harbi ɗaya ba ya shaida komai, wataƙila hannunka ne ya motsa. Tarin hujojin nan biyar su ne shaida. Idan sun warwatsu, matsalar riƙo ce ko ɗauri, murɗawa ba za ta yi magani ba. Idan sun taru wuri guda, nemi tsakiyarsu, ka auna da rula nisanta da ɗigon, sama ko ƙasa, dama ko hagu.

Madubin yana da mamurɗa biyu: ta sama mai harafin U tana ɗaga harbi, ta gefe mai harafin R tana kai shi dama. Kowace murɗa za ka ji ƙas. Idan an rubuta ¼ MOA a jiki (MOA ma'aunin kusurwa ne), ƙas ɗaya kusan milimita 7 ne a mita 100, wato ƙasa da milimita 2 a mita 25. Don haka kuskuren santimita 2 a mita 25 yana buƙatar ƙas 11. A mita 10 gyara dama da hagu kawai. Faɗawa ƙasa kaɗan a nan daidai ne, tunda madubin yana zaune santimita 4 zuwa 5 sama da bututun.

Mayar da kwalin mita 25, sake biyar, gyara, sake biyar don tabbatarwa. Saitin ba na kowane nisa ba ne. Harsashin yana hawa ya ƙetare layin idonka, ya sauko ya sake ƙetare shi, daga nan sai gangara. Gwada a mita 15, 35 da 45 ba tare da taɓa mamurɗa ba, ka rubuta saukar kowanne a 'yar takarda ka manna a gindin bindigar. Ranar da ka canza gwangwanin harsashi zuwa wani nauyi ko wani kamfani, koma mita 25 ka sake gwaji daga farko.