Yadda ake sarrafa kalmomin aro a labarai: darasi daga jaridun Urdu

Mai rubuta labarai da Hausa a Maraɗi yana tsakanin harsuna biyu. Sanarwar hukuma takan iso daga Yamai da Faransanci, Ingilishi kuma yana shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa tare da ƴan kasuwa. Jaridun Urdu na Pakistan, irin su Jang da aka kafa a 1939, sun daɗe suna fama da irin wannan, kuma dabarunsu za su yi mana amfani.

Da farko ka tantance ko kalmar ta zama ƴar gida. Urdu ya karɓi kalmomin Ingilishi na ɗan sanda da kwamiti da makaranta, yana rubuta su da baƙaƙensa, ba da na boko ba. Haka za ka yi da lakwal da jandarma da mota: rubuta su yadda bakin Bahaushe ke furta su. Amma inda muke da tamu, kada ka yi aro. Yajin aiki, kasafin kuɗi, magajin gari, duk sun wadatar.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne jam'i. Marubucin Urdu mai kula yakan ba baƙuwar kalma jam'in harshensa, "party", wato jam'iyya, ta zama "partiyan". Wasu kuwa sukan bar mata wutsiyar jam'in Ingilishi, wanda bai yi boko ba ya rasa gane ko ɗaya ake nufi ko da yawa. Kai ka ce jandarmomi, kwamitoci, motoci. Ka kuma tsayar wa kalmar jinsi tun daga layin farko. Idan mota "ta" tsaya a sama, kada "ya" tashi a ƙasa. Aikatau ma haka: Urdu yakan jingina kalmar Ingilishi da "karna", wato yi, kamar yadda muke cewa yin rajista. Hanya ce mai sauƙi, shi ya sa take da haɗari, don kafin ka ankara jimla ta cika da Faransanci, "yi" kaɗai ya rage na Hausa.

Gajerun sunaye kuwa, OMS ɗinmu WHO ne a Katsina, ONU kuma UN. Fara da cikakken sunan: Hukumar Lafiya ta Duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kafin ka miƙa labari, karanta shi da ƙarfi kamar kana gaban mai sayar da gero a kasuwa. Duk inda zai ce "me?", sake wurin. Ka fi sa ido a kan kuɗi. A nan dala sefa 5 ce, jika sefa 1,000, amma a ƙetaren iyaka jaka naira 200 ce. Idan ka rubuta jika goma, haɗa da sefa 10,000 a gefensa, don mai karatu a Kano kada ya yi lissafi da naira.