Yadda Nake Tara Kan Sarki Masu Hoton Gada

Da farko ka taƙaita abin da kake nema, domin gadojin da ke kan sarki ba su da iyaka. Ni na zaɓi gadoji masu baka da masu rataye da igiyoyin ƙarfe, sauran na bar wa wasu.

Fara da masu araha, kamar na Birtaniya na 1964 da aka fitar don buɗe gadar mota ta Forth da ke Scotland, ko na Amurka na 1983 na cikar gadar Brooklyn shekara 100. Koren nan mai sule biyar na gadar Sidni, wanda Ostareliya ta fitar a 1932, kowa na mararinsa, shi ya sa jabunsa suka yi yawa. Kada ka saya sai masani ya duba maka.

Ambulan kuwa, don Allah kada ka ɓamɓare masa kan sarki! Darajarsa tana ga hatimin gidan waya, musamman in ya nuna ranar fitowar kan sarkin ko ranar buɗe gadar. Na taɓa tsoma wani a ruwa, ina ji ina gani tawadar ta malale, har yau abin na yi min ciwo.

Da ɗan hantsaki mai faffaɗan baki ake ɗaukar kan sarki, don maiƙon yatsa na barin tabo. Ka duba haƙoran gefe da gilashin ƙara girma, guda ɗaya ya gutsire, kuɗinsa ya faɗi. Salatif kam ko kusa. Kundin da kake jera su a ciki ka ajiye shi a tsaye, inda babu danshi, a ƙarƙashin kowane ka rubuta sunan gadar da kogin da ta ƙetare.