Raba sakamakon umarni da `tee`: kurakuran da aka fi yi

Duk mai aikin famfo ya san mahaɗar nan mai siffar T da ke raba ruwa gida biyu. Daga ita `tee`, wani umarni na Linux da Unix, ya samo sunansa, aikinsa kuma ke nan: abin da ya shigo masa, ya zuba shi wurare da dama.

Sabon shiga kan rubuta `cat fayil | sha256sum | md5sum` yana zaton `sha256sum` da `md5sum`, masu lissafa lambar tantance fayil, kowane ya samu fayil ɗin. Ina! Alamar `|` bututu ce mai miƙa sakamakon umarni ga na gaba da shi, don haka abin da `sha256sum` ya fitar ne kawai ya isa ga `md5sum`. Ga daidai:

`cat fayil | tee >(sha256sum > a.txt) >(md5sum > b.txt) > /dev/null`

Kowane umarni da ke cikin baka reshe ne da `tee` ke ba kwafin fayil ɗin. Kada a bar fili tsakanin `>` da `(`.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mutane shi ne na `#!/bin/sh`, layin farko na fayil ɗin umarni da ke faɗin shell (manhajar fassara umarni) da zai tayar da shi. Ka gwada layin da hannu ya yi aiki, ka zuba shi a fayil ya ƙi, sai ƙorafin `Syntax error: "(" unexpected`. A Debian da Ubuntu, `sh` ɗin dash ne, shi kuwa dash shell ne da bai san wannan salo na reshe cikin baka ba. Bash da zsh da ksh ne suka san shi. Mayar da layin farko `#!/bin/bash`, kuma kada ka tayar da fayil ɗin da `sh`.

Akwai wani mai ɓoyayyen sharri. A `tee >(wc -l) | grep kano`, lissafin `wc` ba ya fitowa a allo, cikin bututun `grep` yake faɗawa, shi kuma ya watsar da shi. Shi ya sa na ba kowane reshe fayil ɗinsa a sama.

Saƙon kuskure ba ya bin bututu sai ka sa `2>&1` kafin `|`. In kuma wani reshe irin `head` ya gama da wuri, `tee` kan mutu ya bar sauran da rabin abinci. A na GNU, `-p` ke maganin haka.

Wajen rubuta wa abokan aiki bayani, nan ma ana sakaci. Faɗi cewa bash ake buƙata, kawo layin da ka gwada da kanka tare da abin da ya fito. Ka kuma gaya musu bash ba ya jiran rassan su gama, don haka wanda ya buɗe `a.txt` nan take yana iya tarar da shi wayam.