Darasi na 9: Wasiyya da rikicin gado, da abin da jinkiri ke cinyewa

Iyaye da yayye, wannan darasi na rubuta shi da nauyin zuciya don abin cikin danginmu ya faru nan Tawa. Kawuna, wan mahaifiyata, ana saura 'yan watanni ya rasu ya kira limamin unguwa da wani abokinshi da suke harkar albasa tare tun suna samari, ya sa anka rubuta da ajami cewa ɗakuna biyu na bayan gida a ba jikanshi, yaron da ubanshi ya riga kakan mutuwa. Kun san dai hukuncin, jika in ubanshi ya rasu kafin kaka kuma baffanninshi na da rai to ba ya cin gado, shi ya sa tsohon ya yi mishi wasiyya. Anka linke takardar anka sa cikin adaka ƙarƙashin kayan sallah.

Anka yi sadakar uku, anka yi ta arba'in, ba wanda ya ta da zancen. Na tuna ranar da mahaifiyata ta ce ma uwar yaron ki yi magana mana, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta ta ce "Yaya ina jin kunya, kar a ce ƙasar kabari ba ta bushe ba ni ina zancen ɗaki." Su kuma maza sunka ce a bari sai babban wa ya dawo daga Abijan. Shekara 7 bai dawo ba. Ranar da anka buɗe adakar, ruwan damina ya yoyo ya jiƙa takardar, tawada ta baje, gara ta ci kusurwar da sunayen shaidu suke, liman ya rasu tun shekara 3 baya, abokin kuwa tsufa ya kama shi yau ya ce ɗaki biyu gobe ya ce ɗaya. Nan ne wani baffan ya ce ai tsoho ba ya cikin hayyacinshi sa'ad da ya faɗi haka, wani ya ce shi bai taɓa jin zancen ba. Da ƙyar anka yi sulhu yaron ya samu kuɗɗin ɗaki guda. Ni ban ce baffannin mugaye ne ba wallahi, shekara 7 ko mai gaskiya mantuwa yake, amma haƙƙin maraya ya ragu kuma jinkiri ne ya rage shi.

To mu fara da abin da addini ya tsara, don mafi yawan gardama daga rashin saninshi take tasowa. In mutum ya rasu ana fidda kuɗɗin likkafani da jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, abin da ya saura shi ne gado. Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12 sun maimaita cewa rabo na zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi 1 cikin 3, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance ma Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da yake jinya. Kuma ba a yin wasiyya ga mai cin gado, sai in sauran magada sun yarda da kansu. Wani abu da mutane ke mantawa, kyautar da anka yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya gare ta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kyautar da ba a karɓa an riƙe ba har mai kyautar ya mutu ta ɓaci. Don haka "ai baba ya ba ni gonar nan" ba ta isa ba in baba ne ya ci gaba da nomanta har ya kwanta.

Ku ɗauko alli mu yi lissafi. Mamaci ya bar dukiyar miliyon 6 da jikka 600 na sefa. Jana'iza da bashi sun ci jikka 600, saura miliyon 6. Ya yi ma jikanshi wasiyyar miliyon 3, to miliyon 2 kawai za a ba shi don shi ne sulusi, sai fa in magada sun ce mun bar mishi. Saura miliyon 4. Matarshi na da tumuni, kashi 1 cikin 8, jikka 500 ke nan tunda akwai ɗiya. Miliyon 3 da rabi da sunka rage, in ɗiya maza 3 ne da mace 1 kuma iyayen mamacin ba su da rai, a kasa 7, kowane namiji miliyon 1, macen jikka 500.

Yanzu ina ake zuwa? A Nijar dokar tsarin kotuna ta 2018, kamar ta 2004 da ta gabace ta, ta bar sha'anin gado da kyauta da wasiyya a hannun al'adar masu shari'ar, alƙali na zama da masana al'ada kusa da shi, mu kuwa al'adarmu ta gado ta musulunci ce. Amma kafin a kai ga alƙali akwai takardar mutuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a je a sanar da rasuwa don meri ta yi takarda, in kwanakin sun wuce sai an bi ta kotu a samo hukunci tukuna, ga zirga-zirga ga neman shaidu, alhali banki ko ofishin fansho ba za su saurare ku ba in ba ta. Daga nan a yi taron dangi a rubuta sunan duk mai gado, har jinjiri, har cikin da ba a haifa ba, a kai kotu a fidda takardar magada. A wannan zaman ne ya kamata a fito da wasiyya a karanta ta gaban kowa, mai ja ya ja tun shaidu na numfashi. In an yi gardama mai unguwa ko hakimi ko sarki na da ikon sulhu, amma don Allah kar ku tashi daga zaure da "shi ke nan mun yafe ma juna" a baki kawai, a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In gona ce a ƙauye, a kai ma kwamitin filaye da ake ce ma kofo, wanda ya samo asali daga dokar karkara ta 1993. Wanda ba shi da kuɗɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ a babbar kotu, hukumar taimakon shari'a ce ta gwamnati kuma don talaka anka yi ta.

Akwai wani abu da malamai ke kira hauzi, ku riƙe shi da kyau. A cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce wanda ya riƙe gida shekara 10 ana danganta gidan gare shi, mai shi na gari, ya sani, bai ce komai ba, to ba ya da sauran magana. An keɓe dangi da surukai, su shekara 10 ba ta isa a ce an mallake musu. Amma ku lura, in ɗan'uwa ya sayar da parsel ɗin ma bare, baren ya yi gini yana zaune kana wucewa kullum kana gaishe shi, shirunka na iya zama hujja a kanka. Sannan duk shekarar da ta wuce magada na ƙaruwa, wa ya mutu ya bar mata 2 da ɗiya 9, ƙanwa ta mutu mijinta ya shigo cikin rabo, gadon mutum 5 ya koma na mutum 30 da wasunsu ba su ma san juna ba, wani na Libiya wani na Legas.

Haka in alƙali ya yanke hukunci ba ka gamsu ba, ɗaukaka ƙara na da wa'adi ƙidayayye, ba a jira sai an gama girbi ko sai an sayar da rago. Ranar nan tun ba ka fita harabar kotu ba ka je wurin magatakarda ka ce kwana nawa gare ni, ya rubuta maka ranar ƙarshe a takarda, don in ta wuce ko kai ne da gaskiya hukuncin ya zauna.

Ku kuma masu niyyar yin wasiyya, hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana 2 ba tare da tana rubuce wurinshi ba. Ku yi ta kuna da lafiya, ku sa kwanan wata, ku nemi shaidu 2 adilai kuma kar duka su zama sa'anninku, a samu mai ƙuruciya ciki. A yi fotokopi, a ɗauki hotonta da waya, mai hali ya kai ma noter, wato mai hatimce takardu a hukumance, ya ajiye, kuma ku faɗa ma ɗiyanku da bakinku kuna zaune tare, na ga hakan na kashe gardama fiye da kowane hatimi.

Aikin gida: sake lissafin nan na sama amma ka ɗauka wasiyyar miliyon 1 da jikka 200 ce, nawa matar za ta samu? Sannan kowa ya rubuta jimla 3 cikin kayenshi, sunan wanda yake bi bashi, sunan wanda ke bin shi, da inda takardun gidanshi ko gonarshi suke ajiye. Wanda hannunshi bai faɗa ba tukuna ya zo da wuri ran Asabar mu rubuta tare kafin a shiga aji.